Zauren Tambaya: Sallar Iya da Karatun Jikokinta

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni malamar sakandare ce a Gusau. Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, ta haura shekara tamanin. Karatunta bai yi nisa ba, iyakarta Fatiha da ƙananan surori, su ma ba ta san fassararsu ba, kuma harafin ba ya fita daidai. Amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin asuba ta same ta a kwance ba. Azumin Litinin da Alhamis sai da likita ya hana ta sannan ta bari. In aka fara yi da wani a gabanta, sai ta ɗauki butarta ta fice.

Ƙanena ya dawo daga karatun Larabci bara. Rannan ya zaunar da ita yana tambayarta sharuɗɗan kalmar shahada, ta kasa kawo ko ɗaya. Da muka fito ya ce mana ibadarta al'ada ce kawai, wanda bai fahimci abin da yake faɗa ba ba ya ƙaruwa a wajen Allah. Ashe ta ji. Ba ta ce uffan ba, amma tun ranar ta rage hira da mu.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne kaina. Na sauke, na yi Islamiyya, kullum ina sauraron karatu a waya, amma da na ta da kabbara sai zuciyata ta tafi kasuwa. Iya kuwa kuka take a sujada. Malam, shin kusanci da Allah sai da ilimi mai zurfi? In haka ne, ina matsayin Iya? In ba haka ba ne, me karatuna ya ƙara mini?

Wata mai karatu, daga Gusau

AMSA

Wa'alaikumus salam, 'yata. Wasiƙarki ta kwana uku a aljihuna ban amsa ba, don abin da ƙanenki ya yi ni ma na taɓa yin sa, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai na zo hutu gida daga makaranta, kaina ya cika da tajwidi. Kakata tana sallar magariba a bakin ɗakinta, kusa da mazarinta da kwandon audugar da take kaɗi, na ji ta kai ƙarshen Fatiha ta ce "walal lalin". Tana sallamewa na ce mata ba haka ake faɗa ba, wannan harafin ba lamun ba ne, kuma malamai sun ce wanda ya ɓata Fatiha ya ɓata salla. Ta dube ni ta ce, "To ɗan nan, shi wanda nake karanta wa ɗin, bai gane abin da nake nufi ba ne?" Na rasa ta cewa. Can kuma ta ce, "Zo ka koya mini daidai ɗin." Kin san abin da ya faru? Kwana biyu na yi ina koya mata na gaji, na koma wajen abokaina. Gyara ya yi mini daɗi, koyarwa ta yi mini nauyi. (Harafin nan kuwa ba ita kaɗai ya kayar ba. Bahaushe gaba ɗaya lamun ya mai da shi, shi ya sa muke cewa alwala, farilla, larura, alƙali, layya. Ƙanenki ma haka yake faɗarsu in yana Hausa.)

Bari in fara da inda ƙanenki yake da gaskiya, don yana da ita. Akwai wani ilimi da ba a ɗauke wa kowa ba, tsoho ko yaro, na birni ko na ƙauye. Littafin Ahalari da kika karanta a Islamiyya da shi ya buɗe: farkon abin da ya wajaba a kan baligi shi ne ya gyara imaninsa, sannan ya san abin da zai gyara farillarsa da shi, kamar hukuncin salla da tsarki da azumi. Kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin wannan. Buhari da Muslim sun rawaito labarin mutumin da ya shiga masallaci ya yi salla a gaggauce, ya zo ya gai da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya koma ya yi salla don bai yi ba. Sau uku ana mai da shi. Ba wanda ya ce mutumin nan munafuki ne, da zuciya ɗaya yake sallarsa, amma duk da haka aka ce ya sake. Ki tuna kuma da wanda ya kashe mutum casa'in da tara, ya je wajen wani mai yawan ibada marar sani ya tambaye shi ko yana da tuba, ya ce masa babu, ya cike ɗari da shi. Da ya je wajen malami sai ya ce masa wa zai shiga tsakaninka da tuba? Yawan ibadar na farko bai hana shi rufe ƙofar da Allah ya bari a buɗe ba.

To amma ki duba yadda labarin mai sallar nan ya ƙare. Da ya ce iyakar abin da ya iya ke nan, a koya masa, me aka koya masa? Ka yi kabbara, ka karanta abin da ya sauwaƙa, ka yi ruku'u har ka natsu, ka ɗago har ka daidaita, ka yi sujada har ka natsu. Darasin bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Ilimin da ya zama dole ɗan kaɗan ne, kuma da kunne ma ana samunsa. Tsohuwar da ta san abin da ke karya alwala, ta san raka'o'inta, ta san in ta yi mantuwa ga yadda ake ƙabli da ba'adi, ta san Ubangijinta ɗaya ne ba shi da abokin tarayya, ta riga ta haye wannan gadar ko da ba ta taɓa riƙe littafi ba.

Inda ƙanenki ya kauce shi ne ya ɗauka fahimta ita ce iya jero abu da lamba. Sharuɗɗan nan da ya tambaye ta, su sani da yaƙini da ikhlasi da gaskiya da so da miƙa wuya da karɓa, malamai ne suka tsamo su daga ayoyi da hadisai suka jera don ɗalibi ya ji sauƙin riƙewa. Sahabbai ba su haddace su a jere ba. Shaihu Hafizul Hakami, malamin Saudiyya da ya tsara su a baitoci, wanda da wuya a ce ƙanenki bai ci karo da sunansa ba, shi da kansa ya rubuta cewa abin nufi su taru a jikin mutum, ba ya iya ƙirga su ba, kuma akwai gama-garin mutane da yawa da suka cika su alhali in an ce su lissafo ba za su iya ba, akwai kuma wanda ya haddace su tas yana faɗawa cikin abin da ke warware su. Ya je ya duba, yana nan a sharhin baitocin.

Da ya tambayi Iya da Hausa, wa ya halicce ta, wa take roƙo in jikanta ya kwanta ciwo, akwai wanda zai iya ba ta abin da Allah ya hana ta, da ya ji tauhidi gangariya. Wannan butar da take ɗauka ta fice in an fara gulma kuwa, tafsirin aya ta 12 ce ta Suratul Hujurat, wadda ta kamanta mai yi da mutum da mai cin naman ɗan'uwansa matacce. Mu mun san lambar ayar, ita ta tashi daga wajen. Wa ya fi wani fahimtarta a cikinmu?

Akwai hadisin da nake so ƙwarai, Abu Dawuda ya rawaito shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wani mutum me yake cewa a salla. Ya ce yana tahiya, sannan ya roƙi Allah Aljanna ya nemi tsari daga wuta, amma shi fa bai iya irin addu'o'in da Annabi da Mu'azu suke yi ƙasa-ƙasa ba. Aka amsa masa da cewa ai mu ma a kan nan muke kewayawa. Ba a kira shi ɗan al'ada ba. Harshen da ya ƙi lanƙwasuwa ma an yi masa bushara: Nana A'isha ta rawaito cewa mai karanta Alƙur'ani yana tuntuɓe, yana shan wuya a kansa, lada biyu gare shi.

Wannan rigimar ba yau ta fara a ƙasar nan ba. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, an yi wasu ɗalibai da suka ƙware a ilimin hujjojin tauhidi, irin na siffofi ashirin da ke cikin littafin Sanusi. Sai suka riƙa tare talakawa suna yi musu jarrabawa, wanda ya kasa kawo hujjar hankali yadda take a littafi su ce imaninsa bai inganta ba, wasu ma su kafirta shi. Shehu ya tsaya tsayin daka a kansu. Ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labarin cewa ya yi rubuce-rubuce sama da hamsin yana warware irin waɗannan ruɗani. Matsayinsa shi ne wanda ya yi shahada, ya bayyana Musulunci, bai zo da abin da ke rushe shi ba, Musulmi ne, zuciyarsa kuma Allah ya bar wa kansa saninta. Kayan jarrabawar ne kawai suka sauya daga wancan zamani zuwa yau.

Kada ki yi saurin murna, don wuƙar Shehu baki biyu gare ta. Shi ɗin dai, a littafinsa Nurul Albab, ya caccaki malaman da suke tara ɗalibai a zaure safe da yamma alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, ba su koya musu ko hukuncin alwala da salla ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ita ta ɗauki maganar ta mai da ita aiki. Ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta naɗa jajis, manyan mata da take ba malfa alamar shugabanci, su jagoranci 'yan taru daga ƙauyuka su zo su haddace, su koma su koya wa matan da ba su iya fita. Mace tana daka tana rera hukuncin tsarki. Ba ta ce wa matan nan ibadarsu banza ce ba, ba ta kuma ce su zauna yadda suke tunda zuciyarsu fara ce ba. Ta kai musu ilimin da harshen da suke ji. Saboda haka in Iya ta kai shekara tamanin ba ta san fassarar Fatiha ba, alhali a gidanta akwai wadda ta sauke da wanda ya karanta Larabci, ki faɗa mini da kanki wa za a fara tambaya.

Yanzu ga taki matsalar, wadda na ga kin ajiye ta a ƙarshe kamar ba ita ce ta sa ki rubutun ba.

Karatunki bai tafi a banza ba, amma sanin abu daban, ɗanɗana shi daban. Wanda ya fi kowa bayyana wannan shi ne Imamu Gazali. A shekarar 1091 aka ba shi kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda ba ta da na biyu a lokacin, ɗalibai wajen ɗari uku suna zama gabansa. Bayan shekara huɗu, a 1095, harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi shiga, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya binciki kansa ya ga karantarwar tasa neman suna ne da ɗaukaka. Ya bar kujerar ya fita zuwa Sham, ya yi shekaru kusan goma yana gyaran zuciya. Shi ne ya kawo misalin likita marar lafiya: ya san ma'anar lafiya da sabubbanta da magungunanta, amma ba shi da ita. Ki lura kuma, da ya dawo bai ƙona littattafansa ba. Mafi girman abin da ya rubuta bayan ya bar kujerar ya rubuta shi. Ilimin yana nan, mazauninsa ne ya sauya.

Hadisin Abu Musa da ke Buhari da Muslim ya kamanta shiriya da ilimi da ruwan sama. Wata ƙasa ta sha ta fitar da tsiro, wata ta riƙe ruwan kamar tafki mutane suka sha suka shayar, wata kuma fako ce, ba ta riƙe ba ba ta tsirar ba. Iya fadama ce da ta sami yayyafi, ɗan abin da ya sauka duk ya zama amfanin gona. Mu kuwa da muke da tafsiri a rediyo, fassarar Alƙur'ani da Hausa a kan kanta, malamai ɗari a cikin waya, ruwa yake ta zuba a kanmu kamar da bakin ƙwarya, ƙasar ce ba a kafce ba. Kin ce kullum kina sauraron karatu. Na yi miki tambaya ɗaya, kada ki ba ni amsa, ki ba kanki: karatun jiya da kika ji, me kika daina ko me kika fara saboda shi? Da yawa daga abin da ke yawo a waya ma ba karatu ba ne, raddi ne, wane ya kayar da wane. Mai sauraronsa yana tashi da kaifin baki da busasshiyar zuciya. Na san haka don na yi shekaru ina shan wannan shayin.

Kada kuma ki mai da hawaye ma'auni. Akwai mai saurin kuka a halitta, akwai wanda idonsa ya bushe amma hannunsa bai taɓa taɓa haram ba. Sahabi Hanzala ya taɓa cewa ya zama munafuki, don in yana gaban Annabi kamar yana ganin Aljanna da wuta, in ya koma cikin iyali da gona sai ya manta. Sayyidina Abubakar ya ce shi ma haka yake ji. Da suka kai ƙara aka ce musu sa'a da sa'a ne. Zuciyar da ta damu da cewa ta tafi kasuwa, da sauran ranta.

Ga abin da zan ba ki shawara, kuma magani ɗaya ne zai yi muku ku biyu. Bayan sallar isha'i ki zauna kusa da Iya, kada ki zo da littafi, kada ki ce kin zo koya mata. Ki ce kin ji wani hadisi da ya ba ki sha'awa, wanda Muslim ya rawaito, cewa in bawa yana karanta Fatiha Allah yana amsa masa aya bayan aya: in ya ce alhamdu lillahi rabbil alamin, sai Allah ya ce bawana ya gode mini. Daga nan ki ba ta ma'anar aya ɗaya da Hausar gida, ki tsaya. Gobe wata. Mako ɗaya kun gama. Kakar nan tawa, ƙanwata ce daga baya ta yi mata abin da ni na kasa. Ranar da ta ji cewa iyyaka na'abudu wa iyyaka nasta'in na nufin kai kaɗai muke bauta wa, kai kaɗai muke neman taimakonka, sai ta riƙe baki ta ce, "Ashe abin da nake gaya masa ke nan duk shekarun nan!" Tun daga ranar in ta zo ayar sai ta ɗan dakata. Fahimtar ta ƙara mata, babu ko shakka, amma ta sami wurin zama ne don an daɗe ana share mata fili. Ke ma za ki ga abin da zai faru da taki sallar in kika ga yadda ayar da kika haddace tun kina 'yar shekara shida take sauka a fuskar tsohuwa.

Harafin kuwa, ki gyara abin da zai gyaru a hankali, wanda haƙora da shekaru suka hana ki bar shi.

Shi kuma ƙanenki, kada ki kai masa wannan shafin a gaban mutane don ki kunyata shi. Yaro ne da ya ɗebo ilimi da zafinsa, kuma kishin addini ne ya ja shi, zai huce. Ki ja shi gefe ki ce Iya ta ji maganarsa. Ya sayi ɗan turare ko abin da ya san tana so, ya je ya durƙusa ya ce ta yafe masa, ya roƙe ta ta sa shi a addu'arta ta asuba. Ya hanzarta. Ni na yi ta cewa sai hutu mai zuwa, har hutun da na zo na tarar an kwashe mazarin.

TAMBAYA

Salamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Maraɗi. Ba na wasa da zikiri, kuma ina jin natsuwa a zuciyata sosai. Da damina nakan ba manoma buhun gero, in kaka ta yi su biya ni buhu biyu, kuma su suke zuwa da kansu suna godiya. Wani abokina ya ce in je in yi karatu a kan wannan. Na ce masa addini a zuciya yake. Ko ba haka ba?

Wani mai karatu, daga Maraɗi

AMSA

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Abokinka masoyinka ne, ka riƙe shi. Abin da kake yi riba ce, wadda Alƙur'ani ya haramta a ƙarshen Suratul Baƙara. Bashin gero buhu ɗaya, buhu ɗaya ake biya. Godiyar manomi ba ta halatta ƙarin, wanda rumbunsa ya ƙare a watan Agusta zai gode wa duk wanda ya miƙo masa tsaba, ko da wuƙa a bayanta. Natsuwar da kake ji ma ba ta zama hujja ba, mutum yakan yi barci mai daɗi a ɗakin da gara ta cinye azararsa.

Amsar da na ba 'yar'uwarmu ta Gusau ba ta shafe ka ba. Iya ba ta saye ba ta sayarwa, kai kuwa da ka shiga kasuwa hukuncin ciniki ya zama farilla a kanka kamar hukuncin alwala. Tirmizi ya rawaito Sayyidina Umar yana cewa kada wanda ya yi ciniki a kasuwarmu sai wanda ya fahimci addini.

Hanyar halal tana nan, har biyu. Ko dai ka sayar wa manomi buhun a kan kuɗi sananne zuwa lokaci sananne, ya biya ka kuɗi, ba gero ba. Ko kuma ka ba shi kuɗi a hannu yanzu, cikakku, a kan zai kawo maka gero mudu kaza, iri kaza, a wata kaza. Wannan shi ake kira salam, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar mutanen Madina suna yin sa da dabino ya bar su a kai, da sharaɗin awo sananne da lokaci sananne. Ko a nan ɗin ka sa tausayi a farashi. Waɗanda suke riƙe da geronka bana, buhu ɗaya-ɗaya za ka karɓa. Na shekarun baya kuma ka ɗauki littafin bashinka ka je wajen malamin fiƙihu a nan Maraɗi, ku zauna ku bi shi suna bayan suna.